Injin atisayen tuƙi na Concept2 RowErg: amfaninsa da inda ya gaza

Kusan duk matuƙin kwale-kwalen tsere da ya kai matakin ƙasa da ƙasa sai da ya bi ta kan wannan inji, domin da shi masu horarwa ke gwada 'yan wasa a tazarar mita 2000 kafin su zaɓi masu shiga jirgi. Kamfanin da ke ƙera shi, Concept2, na jihar Vermont ne a Amurka. 'Yan uwa biyu, Dick da Pete Dreissigacker, suka kafa shi a 1976, suna ƙera filafilai, sai a 1981 suka fitar da injin farko. Dick ɗin ma ya yi tuƙi a gasar Olamfik ta 1972.

Tsawonsa santimita 244, nauyinsa kilo 26, yana ɗaukar mutum har mai kilo 227, kuma ana raba shi gida biyu a jingine. Kujerar tana da tauri, fankar da ke juyawa idan an ja mariƙin da ke haɗe da sarƙa kuma tana da ƙara. Mai maƙwabci a bayan bango ya san da wannan.

Darajarsa tana ga allon PM5. Allon yana auna yadda fanka ke rage gudu tsakanin ja da ja, ya lissafa ƙarfin da aka zuba, shi ya sa sakamakon inji biyu a ƙasashe daban-daban ke kwatantuwa. Lissafin ba ya sassauci: minti 2:00 a kowace mita 500 wat 203 ne (wat shi ne ma'aunin ƙarfin da ake zubawa), 1:45 wat 302, 1:30 kuwa wat 480. Wato kowace daƙiƙar da aka rage ta fi ta baya tsada. A 2018 Josh Dunkley-Smith na Ostireliya ya gama mita 2000 cikin minti 5:35.8, kusan wat 590 ke nan daga farko har ƙarshe. Brooke Mooney ta Amurka ta yi 6:21.1 a 2021.

Inda sababbin hannu ke ɓata lamarin shi ne marfin iska da ke gefen fanka, mai lamba 1 zuwa 10. Suna kai shi 10 da zaton nan ƙarfi yake, alhali iska ce kawai ta ƙaru, jan ya yi nauyi, ƙugu ya ɗauki wahalar. Ƙwararru ba lambar marfi suke dubawa ba, ma'aunin jan iska da allon ke nunawa suke bi, yawanci tsakanin 110 da 140, wanda a inji mai tsabta ke faɗowa wajen 3 zuwa 5. In ƙura ta toshe ragar fanka, ma'aunin zai sauka ko da marfin bai motsa ba. Sai a buɗe a share.

Kulawarsa ba wuya. A goge dogon da kujera ke gudu a kai bayan kowane atisaye, in ba haka ba datti ya manne wa tayoyi, kujera ta riƙa cije-cije. A shafa wa sarƙa mai duk bayan awa 50 na amfani. Bayan awa 250 a duba kusoshi da mahaɗin sarƙa da mariƙi. Idan mariƙin ya daina komawa da kansa har bakin fanka, robar da ke janye sarƙa ce ta saki, a ɗaure ta ko a sauya.

Gazawarsa ita ce bai san ruwa ba. Ba ya hukunta mai nauyin jiki, alhali a kan ruwa nauyi na ƙara nutsar da jirgi. Ba ya koyar da daidaita jirgi ko tsoma filafili a kan lokaci, kuma mai fizge da baya kafin ƙafafu su gama turi yana iya samun lamba mai kyau. Tun da injin a kafe yake, jiki ne ke kai da komo, abin da ke ƙara wa ƙasan baya nauyi a dogon zama. Mai shirin tsere a ruwa gara ya ɗora shi kan layukan zamiya da kamfanin ke sayarwa daban, ko ya gwada RP3, injin tuƙi na wani kamfani, wanda matakin ƙafarsa ke motsi.