Tsakanin littafin Umberto Eco da Magana Jari Ce

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wanne za ka saya tsakanin littafin Umberto Eco, marubuci ɗan Italiya, da Magana Jari Ce. Tun da kuɗin littafi ɗaya gare ka, kuma da daddare bayan ka dawo daga aiki kake karatu, to ka ɗauki Magana Jari Ce. Duka biyun ina da su a gida.

Na Eco, wato The Name of the Rose, ya fito da Italiyanci a 1980, fassarar Turanci kuma a 1983. Labarin wani malamin Kirista ne mai suna William da almajirinsa Adso, waɗanda suke binciken mace-macen da ake yi a wani gidan ibada a arewacin Italiya a shekarar 1327. Ba zan hana shi haƙƙinsa ba, marubucin ya iya ƙulla zare, kuma ɗakin littattafan gidan ibadar mai ɓatar da mai shiga yana tayar da tsikar jiki. Amma kafin ka isa wurin sai ka ratsa jimlolin Latin da ba a fassara ba, da doguwar muhawara tsakanin wakilan Paparoma da 'yan ɗariƙar Waliyyi Faransis kan ko Almasihu ya mallaki dukiya. Wani babban sashe na rikicin ma a kan halascin dariya yake, duk da haka da wuya mai karatu ya murmusa.

Littafin Abubakar Imam kuwa, wanda aka buga juzu'insa uku a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, dariyar yake ba ka kai tsaye. A juzu'i na ɗaya, aku ne yake jero wa Musa ɗan sarki labarai don ya hana shi fita, kuma yawancinsu za ka gama ɗaya kafin shayinka ya huce. Wata rana na karanta wa mahaifiyata labarin Kalala da Kalalatu, da muka zo inda matar ta cinye kajin ta tsorata baƙo, miji kuma ya bi shi a guje, sai da ta ajiye tsintar shinkafar da take yi tana share hawaye, ta ce in maimaita mata. Imam ya samo labarai da dama daga Larabawa da Turawa da Indiyawa, amma ya sa musu rigar Hausa har ba ka ganin ɗinkin.

Sai dai ka yi hattara da masu sayarwa, domin bugun jabu ya cika kasuwa. Kada bango mai sheƙi ya ruɗe ka. Ka buɗe tsakiyar littafin ka duba ko lambobin shafi suna bin juna, ko tawada ta dushe, ko ƙugiyoyin ɗ da ƙ da ɓ sun fita sosai. Wasu kuma suna miƙa juzu'i ɗaya su ce shi ne duka, saboda haka ka tambayi na ɗaya da na biyu da na uku kafin ka biya. Na Eco ka are shi wajen wani idan ka samu hutu mai tsawo.