Kafin ka sayi waya a Maraɗi, tambayi inda gilashinta zai fito

Duk wanda ya tambaye ni wace waya zai saya, nakan ce ya fara biyawa wurin masu gyara a bakin babbar kasuwa kafin ya shiga shagon mai sayarwa. Mai sayarwa kyamara da launi zai nuna maka. Mai gyara shi ya san wadda in gilashinta ya fashe yau gobe ka karɓi abarka, da wadda za ta yi wata guda a akwatinsa ana jiran saƙo daga Kano. Tushen wannan bambanci yana can wurin kamfanonin, a yadda kowanne yake samun kayan cikin wayarsa da yadda yake kai su kasuwa.

Samsung na Koriya ta Kudu maƙeri ne na gaske. Shi yake ƙera gilashinsa da ma'adanar bayanai, har da ƙwaƙwalwar wasu wayoyinsa mai suna Exynos, sannan ya haɗa yawancinsu a Biyetnam da Indiya. Apple ma, duk da hamayyar da ke tsakaninsu, wurinsa ya sayi gilashin iPhone X a 2017. Za ka ga amfanin haka da tsakar rana, lokacin da rubutu ke fitowa tarwai a cikin hasken Afrilu. Sai dai ranar da wannan gilashin ya fashe, na asalin yana da tsada ƙwarai, na jabun kuma dishi-dishi yake.

Apple kuwa zane yake yi, wasu su ƙera. TSMC na Taiwan ke yi masa ƙwaƙwalwa, Foxconn ke haɗa mafi yawan wayoyin a ƙasar Sin, yanzu har da Indiya. Wayar tana da ƙarko, ana kuma daɗewa ana sabunta mata manhaja, wannan ba musu. Amma hanyar kayansa ba ta biyo ta nan ba, shi ya sa yawancin iPhone ɗin da ke hannun mutane na hannu ne. In aka sa mata batir ko gilashin da ba na kamfani ba, takan nuna gargaɗi. Ga wani abu da ke ba ni takaici, don na ga ya ci kuɗin mutane: tun daga iPhone 14 a 2022, waɗanda aka yi domin kasuwar Amurka ba su da ramin sim ko kaɗan. Juya ta ka duba gefenta kafin ka ƙirga kuɗi.

Tecno da itel da Infinix duk ƴaƴan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Ba ya ƙera ƙwaƙwalwa, wurin MediaTek da Unisoc yake saye, don haka kada ka sa ran ƙarfin manyan wayoyi. Ƙarfinsa a hanya yake. Tun farko Afirka ya sa a gaba: sim biyu, babban batir, kyamarar da ke fito da baƙar fata sosai, ya buɗe masana'anta a Habasha a 2011, ga kuma Carlcare mai kula da gyara. Ga ɗan kasuwar da ke riƙe da layin Airtel ko Moov a nan, da na Najeriya in ya ƙetare Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kayan gyaransu kuma sun cika kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, daga can zuwa nan kuwa ba nisa. Rauninsu, musamman masu arha, shi ne ba a daɗewa ana sabunta musu manhaja, in bayanai suka yi yawa sai su fara nauyi.

Huawei darasi ne. A 2019 Amurka ta sa masa takunkumi, sababbin wayoyinsa suka rasa manhajojin Google, a 2020 kuma TSMC ya daina yi masa ƙwaƙwalwa. In an miƙo maka ɗaya, buɗe ka ga ko Play Store na ciki.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a 2023, da aka rufe iyakokinmu da Najeriya da Benin, kayan Kwatano suka tsaya, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke. Tun daga lokacin nake fifita babban batir da kayan gyaran da ke da hanya fiye da ɗaya.

In kuɗinka kaɗan ne kuma wayar ta neman abinci ce, ɗauki Tecno ko Infinix mai matsakaicin farashi, ka guji mai ƙaramar ma'adana ko da an rage maka jaka biyar. In kana son wadda za ta yi maka shekara huɗu, ƙara kuɗi ka ɗauki Samsung ta jerin A sabuwa a kwali. Kowacce ka zaɓa, tambayi mai gyara kuɗin gilashinta na asali, ka haɗa shi da farashin wayar, sannan ka yi ciniki.