Ratse a Argungu: gidan tarihi da yawon kwalekwale

Mai tafiya daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi yana iya bi ta Argungu, amma yawancin matafiya mai kawai suke sha su ƙara gaba. Mu dai mun ratse, muka ɗauki wani ɗan gari ya zaga da mu, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ko da yake ba ta kowace fuska ba.

Gidan Tarihi na Kanta shi ya fi burge ni. Ginin ƙasa ne na 1831, nan ce fadar sarakunan Kabi har 1942, daga baya aka mai da shi gidan tarihi a 1958. Akwai masu da takubba da kwari da baka da tambura, ga kuma kaburburan sarakuna a ciki, don haka ba wurin hayaniya ba ne. Jagoranmu ya san abinsa. Ya ɗauko mana labari tun daga Muhammadu Kanta da birninsa Surame, ya gangaro kan yaƙe-yaƙen Kabawa da Sakkwato, har zuwa 1934 da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar sulhu aka yi masa bikin kamun kifi. Bikin nan da hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, daga nan ya samo tushe. Inda na ɗan ƙosa, bawan Allahn nan in ya kama kirarin sarauta sai an taro shi.

Kogin Matan Fada kuwa, inda ake bikin, wanda ya saba ganinta a hoto cike da dubban masunta da homa da gora zai yi mamakin ƙanƙantarta. In ba lokacin biki ba, ruwa ne kwance, sai fadamun shinkafa da tsuntsaye. Ni hakan ya yi mini, yarana kuwa nan da nan suka fara tambayar ina giwan ruwan.

Ƙorafina kan mai kwalekwalen da ya ɗauke mu ne. Tuƙinsa ba laifi, amma babu rigar ruwa ko ɗaya, kuma da muka dawo gaɓa kuɗin ya ƙaru. Ku gama ciniki tun kuna tudu, mai ƙananan yara kuma ya tsaya a bakin ruwa ya yi kallo.

Rabin yini ya isa. Ku fara da kogin da sassafe kafin rana ta buɗe, gidan tarihin ya biyo baya.