Sashen lasisin gidajen haya na ƙananan hukumomin Ingila: yana aiki, amma sai an tura shi

Duk ɗan Zariya da ke da ƙane ko ɗa a Ingila yana jiran hukuncin neman mafaka ya kamata ya san wannan sashe, domin koken da ake ji ta waya kusan ɗaya ne: bango ya yi baƙi da danshi, na'urar ɗumama gida ta mutu, mutane sun yi wa gidan yawa.

Gidajen nan galibi na 'yan kasuwa ne. Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta ba kamfanonin Serco da Mears da Clearsprings kwangilar samar wa masu neman mafaka masauki a 2019, su kuma suna karɓar haya a hannun masu gidaje. Tsarin zaman kamar na ɗalibai ne a Samaru, kowa da ɗakinsa, kicin da bayi na haɗaka. Dokar gidaje ta 2004 tana kiran irin wannan gida HMO, kuma tun Oktoban 2018, idan mazauna sun kai biyar kuma ba iyali ɗaya ba ne, lasisi dole ne. Wasu ƙananan hukumomin sun sauko da nasu zuwa mutum uku.

Inda sashen ya burge shi ne ƙa'idojinsa abin awo ne, babu ja-in-ja. Ɗakin babba ɗaya kada ya gaza murabba'in mita 6.51, na mutum biyu 10.22, na yaro ƙasa da shekara 10 kuwa 4.64. Jami'i yana zuwa da ma'auni, kuma a ɗakin ƙarƙashin rufi, duk inda silin bai kai mita 1.5 ba ba ya shiga lissafi. A nan ake yawan kama masu gidaje. Yana duba takardar gwajin gas ta kowace shekara, ta wayoyin lantarki ta duk shekara biyar, ya danna ƙararrawar hayaƙi, ya saki ƙofar kariyar gobara ya ga ko za ta rufe da kanta. Idan ya sami haɗari mai tsanani, doka ta wajabta wa hukuma ɗaukar mataki: takardar umarnin gyara, ko hana kwana a ɗakin. A 2017 an ba ta ikon cin tarar da ta kai fam 30,000.

A 2023 gwamnati ta so cire gidajen masu neman mafaka daga lasisin nan na shekara biyu. An kai ta kotu, ta janye a Fabrairun 2024. Saboda haka kada wani ya ce wa mai neman mafaka dokar ba ta shafe shi ba.

Raunin sashen shi ne yawanci sai an kai masa ƙara yake motsawa, ga jami'ai kaɗan. Mai neman mafaka kuma yana tsoron magana, yana zaton za ta ɓata masa shari'a, alhali hanyarsu daban. Ba shi ne ke biyan haya ba, don haka neman a mayar da kuɗin haya daga mai gida marar lasisi ba nasa ba ne. Wanda aka sauke a otal kuwa sau da yawa lasisin nan bai kai gare shi ba, kuma wannan gibi ne babba.

Ga yadda ake sa su motsa. Mai neman mafaka ya fara kai ƙorafi ga Migrant Help, ƙungiyar agajin da ke karɓar koken masu neman mafaka, ya karɓi lambar shaida. Ya nemi adireshin gidan a rajistar lasisi da hukumar ke wallafawa, ya ga mutum nawa aka amince. Sannan ya aika wa sashen gidajen haya imel, ba kiran waya ba, da hotuna masu kwanan wata da adadin masu kwana a kowane ɗaki. Idan akwai yaro ko mai ciki ko mai asma, ya faɗa a layin farko. Warin gas kuwa ba na imel ba ne, ya fita waje ya kira 0800 111 999.