Bashin Karatu na NELFUND: Amfaninsa da Inda Yake Cijewa

Ga ɗan talakan da babu wanda ya taɓa shiga jami'a a gidansu, wannan bashi na NELFUND, asusun bashin karatu na gwamnatin tarayyar Najeriya, da aka buɗe shafinsa na intanet a watan Mayun 2024, ya sauke wa iyaye nauyi. Babu kuɗin ruwa a kansa, abin da ya kwantar wa mutane da yawa hankali a Arewa. Kuɗin rajista makaranta ake tura wa kai tsaye, ɗalibi kuma yana iya neman naira 20,000 duk wata na kashewa. Manyan makarantun gwamnati kaɗai ya shafa.

Ka tanadi lambar JAMB, NIN, BVN da takardar samun gurbi. Yawanci wuri biyu ake maƙalewa: ko makaranta ba ta ɗora bayananka a shafin NELFUND ba tukuna, ko sunanka ya saɓa tsakanin takardu, Muhammad a NIN, Mohammed a banki. Ka daidaita su kafin ka cike fom ɗin neman bashin.

Aibinsa jinkiri. Wani sai ya ciwo bashi ya biya rajista sannan kuɗin NELFUND su shigo, ya yi ta zarya ofishin kuɗi don a mayar masa. Naira 20,000 kuwa da ƙyar take riƙe abinci. Ana fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa, kashi 10 cikin 100 na albashi.