Wata takwas da bas ɗin da aka juya wa sitiyari

Ƙaramar makarantar Islamiyya nake da ita a Tudun Wada da ke Kaduna, kuma bara iyayen yara suka matsa a samo motar da za ta riƙa kwaso 'ya'yansu daga Rigasa da Unguwar Sanusi. Kuɗin da muka tara bai kai na bas ɗin Beljiyam mai sitiyarin hagu na asali ba, sai dillali ya nuna mini wata farar Toyota Hiace. Bai ɓoye mini ba, ya ce: "Malam, juye ce, daga Jafan ta fito, a waje aka mayar da sitiyarin hagu. Ba za ta ba ka matsala ba." Na biya.

Ga wanda bai san zancen ba, a Jafan gefen hagu na titi ake bi, don haka sitiyarinsu a dama yake. Mu ma haka muke da, sai a watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama, kuma yanzu dokar hanya ba ta yarda a yi wa mota mai sitiyarin dama rajista ba. Su kuwa mutanen Jafan suna sakin motocinsu da sauran ƙarfinsu, saboda binciken lafiyar mota da ake tilasta musu, wanda ga motar gida ke farawa bayan shekara 3 sannan duk shekara 2, yana cin kuɗi. 'Yan kasuwa sai su saye su, su kai garejojin juye irin na Dubai da Sharja, a ciro dashbod, a huda jikin motar ta ɗaya gefen, a mayar da sitiyari da birki da totur, a ja wayoyi, a turo ƙasashe irin namu.

Gaskiya a faɗe ta, injin motar nan ban ga laifinsa ba. Ba ya shan baƙin mai, ba ya zafi ko a cunkoson Bakin Dogo da rana tsaka, kujeru tsaf. Wanda ya ƙera ta ya yi aikinsa. Matsalar tana wurin wanda ya juya ta, domin sitiyari kawai ya ɗauke, sauran motar ya bar ta yadda aka yi ta don titin Jafan.

Ƙofar fasinja ce ta fi tayar mini da hankali, kuma ita ce ban yi tunaninta ba sam lokacin ciniki. Ƙofa ɗaya ce mai ja, tana gefen hagu. A can wannan ne bakin titi. A nan kuwa idan direba ya tsaya a dama kamar yadda doka ta ce, yaro ɗan shekara shida zai sauko ne kai tsaye cikin titi, inda A Daidaita Sahu da 'yan acaɓa ke wucewa a guje. Sati na biyu wani mai babur ya kusa kwashe wata yarinya a gaban idon mahaifiyarta. Daren nan ban yi barci ba. Tun daga ranar na sa malami ɗaya yana bin motar, shi ke fara sauka ya tare hanya, kuma na hana tsayawa a babban titi ko da iyaye za su yi ƙorafin tafiyar ƙafa.

Sai fitila. Ta Jafan tana karkata haskenta hagu, wato cikin idon mai tahowa, gefen da mutane ke tafiya kuma ya zama duhu. Abin goge gilashi shi ma bai canza ba, yana barin kusurwar da ke gaban direba ba gogewa, da damina ta sauka muka gane. Rediyon ma a 90 ya tsaya, ba ya kama Freedom da ke 92.9, amma wannan ƙaramin abu ne.

Da sitiyarin ya fara lilo na kai ta wurin bakanike a kasuwar Panteka. Bakaniken ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya kira ni: "Malam, zo ka gani da idonka." Ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafafun gaba an yanke shi ne an yi masa walda, maimakon a sa na motar hagu na asali. Bututun birki ma an yi masa ƙari. Ya ce akwai juye mai kyau, wanda ake canza komai da kayan asali, amma wannan ba ya cikinsu. Muka je Oriakpata, inda ake sayar da kayan gyaran mota, muka sayo cikakken saitin sitiyari na hagu, da bututun birki da fitilu biyu. Da na yi lissafi, rarar da na ɗauka na samu a ciniki ta kusa ƙarewa.

Yanzu motar tana tafiya lafiya, ina iya barin direba ya fita da ita hankalina kwance ta ɓangaren sitiyari da birki. Ga mai ɗaukar kaya, idan ya je da bakanikensa aka ɗaga motar aka duba ƙarƙashinta kafin biya, ba zan hana shi ba. Don ɗaukar yara kuwa ba zan ba kowa shawararta ba. Ƙofar nan tana nan a hagu, bakaniken ya ce yanka sabuwa a dama zai raunana jikin motar, don haka na gaya wa kwamitin iyaye mu sayar da ita bayan wannan zangon karatu.