Linux a shagon buga takardu: firintocin da ban gayyata ba

Laftof ɗin shagonmu ta tsufa, sai na ɗora mata Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, irin wanda ake ba sababbin shiga shawara su fara da shi. Ta fuskar sauri ba ni da ƙorafi. Buga takarda kuwa da farko har mamaki ya ba ni: ina haɗa ta da Wi-Fi sai ga firintarmu ta bayyana da kanta, ba faifai, ba sauke direba, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta. Sababbin firintoci suna bin tsarin IPP Everywhere, wato su da kansu suke faɗa wa kwamfuta girman takardar da suke ɗauka da ko suna buga launi. Wanda ya taɓa yin yini guda yana neman direban da ya dace ya san darajar wannan.

Matsalar ita ce Wi-Fi ɗin namu na haɗaka ne, duk masu haya a filazar muke tara kuɗinsa. Don haka ba tamu kaɗai ta bayyana ba. Ta ofishin sama, ta mai hoto, ta masu cike fom a ƙasa, duk sun yi layi a jerin, kowace da dogon suna mai tarkacen lambobi. Biyu daga ciki ma samfurinsu ɗaya da tamu. Ranar da yaron shago ya tura takardar yarjejeniyar hayar wani kwastoma, firintarmu ta yi shiru, ya sake turawa. Can sai ga maƙwabcinmu ya sauko da kwafi biyu a hannu: "Malam, wannan ai taku ce ko? Tawadata dai ta sha." Da dariya ya faɗa, amma sirrin mutum ne ya fita a teburin da bai kamata ba.

Na shiga saiti na goge baƙin firintocin, kafin na sha shayi sun dawo. Dalili kuwa, kowace firinta tana shelar kanta ta hanyar mDNS, wato tsarin da na'urorin da ke Wi-Fi ɗaya ke gano juna da shi, a ƙofar sadarwa mai lamba 5353, manhajar Avahi tana saurare, sannan wata mai suna cups-browsed ta yi wa duk wadda aka ji rajista ba tare da ta tambayi kowa ba. Gogewa a saiti tamkar korar kaji ne daga shanyar hatsi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a duk shafin saitin firinta ban ga maɓalli ko ɗaya na cewa a daina ba. Sai an buɗe tagar umarni an rubuta sudo systemctl disable --now cups-browsed, ko a gyara fayil ɗin /etc/cups/cups-browsed.conf a mayar da BrowseRemoteProtocols zuwa none. Wane mai shagon fotokwafi ne zai san wannan? Ko bayan haka ma wasu manhajojin suna nuna firintocin maƙwabta a tagar bugawa, don su kai tsaye suke tambayar Avahi. Idan ka kashe Avahi ɗin kuma, taka ma ta ɓace daga jerin, sai ka shigar da ita da hannu.

Ba kuma maganar ɓacin rai kaɗai ba ce. A watan Satumban 2024 wani mai binciken tsaro ɗan Italiya, Simone Margaritelli, ya bayyana cewa cups-browsed tana sauraren ƙofa ta 631 daga kowa, har mugu na iya cusa firintar bogi, wadda da zarar an tura mata aiki za ta aiwatar da umarninsa a kwamfutar. An fitar da gyara, amma duk wanda bai sabunta ba tun lokacin ya hanzarta. Windows aƙalla tana bambanta hanyar sadarwa ta jama'a da ta gida, ta rufe gano na'urori a ta jama'a.

Yanzu na kashe cups-browsed, na roƙi mai kula da rauta, wato na'urar Wi-Fi ta filaza, ya keɓe wa firintarmu adireshin IP da ba ya canzawa, na shigar da ita da sunan shago, na mayar da ita zaɓin farko. Mai firinta ɗaya a gidansa ya bar saitin yadda ya zo, zai ji daɗinsa. Mai Wi-Fi na haɗaka, a filaza ko makaranta ko ɗakin kwanan ɗalibai, ya kashe cups-browsed tun kafin ya buga takardar farko.